Malama Batula da Tambayar Binne

Tun tana ƙarama aka san Batula da rashin zama wuri ɗaya. Ko a tabarma aka zaunar da ita, ƙafa ɗaya na can tana kaɗawa, kamar wadda ta bar tukunya a kan wuta. Yau shekarunta arba'in da biyar, da 'ya'ya huɗu da jika ɗaya, amma kujerar malami da ke ajinta ba ta san nauyinta ba. Jaka da gorar ruwa ake ɗorawa a kai.

A wani ƙauye na ƙasar Kebbe aka haife ta, ba nisa da Fakku. Mahaifinta Malam Na'iya, Allah Ya jiƙansa da rahama, manomin gero ne mai ƙarancin magana. Lokacin shuka ita ce mai bin bayansa. Shi yana gaba da sungumi yana sara, ita tana biye da 'yar ƙwarya, ta jefa iri, ta rufe da dunduniya, ta ƙara gaba. Tana da shekara takwas ƙanwar mahaifinta, wadda kowa ke kira Goggo, ta zo ta tafi da ita Tambuwal ta sa ta makarantar boko.

Allah Ya ba ta kan hadda. Abin da malami ya rubuta a allo da safe, kafin la'asar ya zauna mata daram, ko ta gane ko ba ta gane ba. Da haka ta ci firamare, ta ci sakandare, ba a taɓa kiran sunanta a ƙasa da na uku ba. Aka yi mata aure da Sambo, mai bin kasuwannin Tambuwal da Dogon Daji da awaki, ta koma ƙasarsu da zama, ta shiga kwas ɗin malanta da ake yi lokacin hutu.

A wurin kwas ɗin ne abin da ya canja ta ya faru, kuma ba wani babban abu ba ne. Akwai wata doguwar kalmar Turanci da ta haddace ma'anarta tun tana aji biyar, ta rubuta ta a jarrabawa ya fi sau shida, kowane lokaci ana ba ta maki cikakke. Ranar nan wani malami ya ɗaga hoto ya ce ga abin da kalmar ke nufi. Batula ta duba, sai ga kwazazzabo irin wanda ruwa ya yanka a bayan gonar babanta, wanda ya cinye masa kunyar shuka goma sha, wanda ita da kanta ta sha ɗauko duwatsu a ka ana toshewa. Ashe zaizayar ƙasa ce take ta rerawa shekara goma sha biyar, ba ta sani ba. Ba ta gaya wa kowa ba a ranar. Ta dai fita ta yi alwala ba lokacin salla ba, don fuskarta ta huce.

Daga nan ta ƙudurta cewa yaron da ya biyo ta hannunta ba zai fita da irin wannan kunyar ba. Shekara goma sha tara tana koyarwa a firamaren ƙauyensu, goma sha ɗaya a aji shida. In yaro ya ba ta amsa, ko daidai ce, ba ta barinsa ya zauna sai ta ce, “Wa yag gaya maka? Ka gani da idonka, ko ji kay yi?” Takan fita da su bakin rijiya su auna igiya da rani, su sake aunawa da damina. Takan sa a kawo ƙasar jigawa da ta fadama a gwangwani, a zuba ruwa a ga wadda ke riƙewa. Littafin da aka ce a gama a shekara ba ta taɓa kai shi ƙarshe ba. Iyaye kuwa wasu na yabo, wasu na kuka. Akwai matar da ta tare ta a gidan suna ta ce, “Malama, don Allah mi kika koya ma ɗiyan nan? Ina sa kanwa ga wake, yarinya ta tsaya kaina wai don mi. Na ce don uwata haka taka yi, wai wannan ba dalili ba na.” Mata suka yi ta dariya, Batula ma ta yi, amma a ranta daɗi ta ji.

Shekarar da ake magana, hedimastocin makarantu bakwai na yankin suka haɗa kai za su yi wa 'yan aji shida jarrabawar gwaji sau biyu kafin babbar jarrabawar shiga sakandare. Tambayoyin daga wani littafin tsofaffin tambayoyi aka kwafo su, wanda aka sayo a Tambuwal, bugun wani gari mai nisa can kudu. Aka yi gwajin farko a tsakiyar bazara, zafi kamar a gasa mutum, kowa ido na gabas ana jiran ruwa.

Kwana huɗu da gwajin, hedimasta Malam Ɗanmaliki ya aika a kira ta ofis. Dattijo ne mai furfura a gemu, ba mugu ba, sai dai ya gaji.

“Malama, zauna.”

“Lafiya lau nike haka, Malam.”

“Na san ba ki zama. Yau dai zauna, kaina na juyawa in kina kai da kawowa.”

Ta ɗosana a bakin benci. Ya turo mata takarda.

“Makaranta bakwai. Mu munka zo na bakwai. Duba lamba goma sha fuɗu.”

Tambayar da Turanci take, ma'anarta ita ce, yaushe manomi ke shuka iri: kafin ruwan sama, ko bayan ruwa ya jiƙa ƙasa, ko lokacin girbi. Amsar littafi, bayan ruwa.

“Ɗiya arba'in da shida,” in ji shi, “arba'in da ɗaya sun ce kafin ruwa.”

“To ai gaskiya sunka faɗi, Malam. Satin nan duk garin ga binne aka yi. Kai kanka ran Asabar na hango ka da sungumi.”

Binne dai shi ne shuka gero a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, a bar iri a kwance yana jiran ruwan farko. Yaran nan kusan dukansu da ƙwarya a hannu suka yi makon, suna bin iyayensu.

“Awo, na yi binne,” in ji Ɗanmaliki. “Amma ba gonata za a kai ofis a duba ba. Makarantun can shida, ɗiyansu ba ɗiyan manoma ba na? Su ba su zuwa binne? Ba wanda yat tsaya gardama da takarda. Sun ga tambaya, sun san amsa, sun wuce. Naki fa? Tambaya sittin, awa ɗaya, mafi yawansu ga arba'in lokaci yac cika. Mai tsaron jarrabawa ya ce har akwai yarinyar da tat tada hannu wai a faɗa mata wace ƙasa aka nufi, jigawa ko fadama.”

“Hamdiyya,” in ji Batula. Murmushi ya kuɓuce mata ba ta shirya ba.

“Dariya ma abin ya ba ki? Malama, ni ban ce tunani laifi na ba. Amma jarrabawar ga ƙofa ta. Wanda bai wuce ba, karatu nai ya ƙare nan, balle ɗiya mata. Bari su shiga tukuna, su yi tunanin can ciki. In kin tsai da su bakin ƙofa suna tunani har anka rufe, wa kinka taimaka?”

Ya janye takardar ya ci gaba.

“Saura sati ukku a yi gwaji na biyu. In ba mu shigo cikin ukkun farko ba, Malam Shafi'u za shi karɓi aji shida, ke ki koma aji biyu. Ba don ƙiyayya ba. Ni ma akwai masu tambayata.”

Malam Shafi'u shi ne mai aji biyar, saurayin malami mai murya, wanda ajinsa ke rera amsoshi har a jiyo su a bakin kasuwa. Batula ba ta ƙi shi ba, amma aji shida ba abin da za ta miƙa da daɗin rai ba ne. A wannan shekarar kan yaro ke buɗewa, kuma ga da yawansu ita ce malamar ƙarshe da za su gani a rayuwa.

Da ta koma gida ta kasa cin abinci. Goggo, wadda tsufa ya dawo da ita hannun Batula da zama, tana ƙarƙashin rumfa tana tsintar shinkafa a faifai. Ta saurari labarin duka ba ta ɗago ba.

“Ni da nak kai ki boko,” in ji ta, “don ki zan malama nak kai ki, ba alƙali ba. Ba su abin da anka ce, su haɗiye, ran jarrabawa su amayar. Ke ba haka kinka yi ba? Ga ki kin zama mutum.”

“Goggo, abin da sunka gani da idonsu za ni ce masu ba haka na ba?”

“Sati ukku ɗai. Ko azumi ya fi shi tsawo.”

Batula ta ci gaba da zagaya tsakar gida, daga bakin murhu zuwa turken awaki, ta dawo. Sambo ya shigo daga kasuwa ya tsaya yana kallonta.

“Malama, in kin ƙare auna gidan, ki faɗa mani ƙafa nawa na, ko za mu ƙara ɗaki.”

Ba ta ko yi dariya ba.

Ranar Litinin ta shiga aji da littafin tsofaffin tambayoyi a hannu ɗaya, waya a ɗayan tana duba lokaci. Ta karanta tambaya, su amsa da baki ɗaya. In sun kuskure ta faɗi daidai, su maimaita sau uku, a wuce. Ba fita bakin rijiya, ba gwangwani, ba wa ya gaya maka. Yaran suka yi ta kallonta kwana biyun farko kamar an canjo musu wata, daga baya suka saba, har suka fara jin daɗin ihun. Sauri kuwa ya samu. Ɗanmaliki ya wuce ta taga ya ji ajin na rerawa, ya gyaɗa kai. Ita kuwa kullum da ciwon kai take tashi.

Ranar Alhamis aka iso tambayar nan ta lamba goma sha huɗu a gwajin farko.

“Yaushe manomi ka shuka?”

“Bayan ruwa!”

Duk aji ya amsa ban da mutum ɗaya. Hamdiyya 'yar Malam Mannir, siririya mai shekara goma sha biyu, mai cin murfin biro, ta miƙe tsaye.

“Malama, in bayan ruwa na daidai, ke nan Baba kuskure shika yi duk shekara?”

“Faɗi abin da ke cikin littafi.”

“Ko ƙarya na, Malama?”

Batula ta dubi wayar hannunta, minti na tafiya, saura tambaya ashirin a abin da ta ɗibar wa ranar.

“Zauna,” ta ce.

Yarinyar ta zauna. A shekara goma sha ɗaya da ta yi a aji shida ba ta taɓa zaunar da yaro don ya yi tambaya ba sai ranar. Da ta tayar da sallar azahar ta rasa raka'a uku ta yi ko huɗu, sai da ta ƙara ɗaya ta yi ba'adiyya. Hamdiyya kuwa daga ranar ba ta sake ɗaga hannu ba. Takan amsa tare da kowa, bakinta na motsi, idonta na kan tebur.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin. Iska ta taso, mata suka yi ta kwashe shanya, yara na tsalle a titi. Aka yi yayyafi na ɗan lokaci, ƙasa ta yi ƙamshi, sai iska ta kwashe hadarin ta yi yamma da shi. Wanda ya tona ya ga laimar ba ta wuce gaɓar yatsa biyu ba. Dattawa ba su yi murna ba, don sun san irin wannan ruwan. Ya isa ya tayar da iri, bai isa ya raya shi ba.

Haka kuwa aka yi. Kwana uku gonaki suka yi tsiri-tsiri da ɗanyen tsiro, rana ta fito ta zauna a kansu. Kullum da yamma hadari ya taso, kowa ya fito ƙofar gida, ya watse ba ko ɗigo. Kafin mako ya zagayo tsiron ya ƙone. Ɗanmaliki ya gamu da ita a bakin ofis ya ce, “Malama, kin ga gonaki? Har tawa. Ashe mai littafin ga ya san abin da shika faɗi.” Ya yi 'yar dariya wadda ba daɗi a cikinta, don irinsa ne ya tafi.

Maganar ta bi ta har gida. In littafi ne da gaskiya, to shekarun da ta yi tana bin babanta da ƙwarya fa? In kuma babanta ne da gaskiya, ga gonaki a ƙone. Ranar Asabar da hantsi ta yafa mayafi, ta ce wa Goggo za ta miƙe ƙafa, ta nufi gonar Malam Mannir. Ta same shi a tsugune yana tona rami da yatsa. Suka gaisa, ta yi masa jaje, ya ce haka Allah Ya so.

“Baban Hamdiyya, tambaya nika son yi. Don mi kuka yin binne, tunda ga abin da shika jawowa?”

Ya ɗago ya dube ta da mamaki. “Malama, ke ɗiyar Na'iya, ni za ki tambaya?”

“Na bi shi shekara da shekaru. Ban taɓa tambaya tai ba, har Allah Ya karɓi abinai.”

Mannir ya karkaɗe hannu ya miƙe. Ya ce gonakinsa uku ne, hannu kuwa daga shi sai yara biyu. In ruwan gaske ya sauka, laimar shuka kwana biyu take yi a jigawa, ba mai iya shuka gona uku a kwana biyu da hannu shida. Ga damina gajeriya. Geron binne in ya kama yakan riga kowa fitar da kai, a sami na tuwo daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa.

“Cikin shekara biyar, ukku shina kamawa. Kuma ba mu zuba iri duka. Kashi biyu nika yi, rabi na nan ɗaki shina jiran ruwa. Mun san shina mutuwa, Malama, mu ba mahaukata ba na. Mai littafinku ko dai ruwan garinsu bai yaudara, ko kuwa gona ɗaya gare shi.”

Ya tsinko mata matattun tsiro guda biyar ya zuba mata a tafin hannu, don ta roƙa. Ta ƙulle a bakin mayafi. A hanyar komawa ta wuce ƙofar gidanta ba ta sani ba, sai da 'yarta Ummu ta ƙwala mata kira.

Saura kwana uku na karatu kafin gwaji na biyu. Ta san abin da ya kamata ta yi da su: takarda sittin-sittin, waya a hannu, a yi ta yi har sauri ya zauna. Ta kwana biyu tana jujjuya abin, ta roƙi Allah zaɓi. Ranar Litinin ta shiga aji da niyyar ta ba maganar binne minti goma kawai, don ta sauke nauyin yarinyar nan.

Ta kwance bakin mayafi ta zuba tsiron a tebur. “Hamdiyya, tashi. Ran nan kin yi tambaya na ce ki zauna. Ban kyauta ba. Ga binnen babanki, ya mutu. Littafi ya ce bayan ruwa. To wa ad da gaskiya? Ni ban sani ba. Ku faɗa mani.”

Sai wata yarinya mai suna Mu'minatu, wadda gonarsu ke fadama, ta ce su babansu bai taɓa binne ba, don laka in ta bushe ko sungumi ba ya shigarta. Wani ya ce su suna yi, amma a gona ɗaya kawai. Wata ta ce bara nasu ya kama, har maƙwabta suka riƙa zuwa neman tsaba. Aka fara ɗaga murya, 'yan jigawa gefe, 'yan fadama gefe. Minti goma suka wuce, awa ta wuce. Batula na zagaya tsakanin benci, ta manta da wayar a jaka.

Hamdiyya ce ta ce a ba ta littafin ta gani. Ta juya bayansa ta karanto sunan garin da aka buga shi, ba wanda ya taɓa jin an je can daga ƙauyen. Suka shiga bin sauran tambayoyin noma ɗaya bayan ɗaya. Ga doya, ga kwakwar manja, ga wata tambaya da ke cewa damina na farawa tun watan uku.

“Watan ukku!” in ji Mu'minatu. “Mu lokacin ko kunu bai hucewa don zafi.”

Aji ya fashe da dariya. Hamdiyya ba ta yi ba, tana ta cin murfin biro. Can ta ce, “Malama, to ba ƙarya ta ba ke nan. Amsar garinsu ta. In yat tambaye ni, garinsu shika tambaya, ba namu ba. Ina iya ba shi amsa tai, Baba kuma na nan da tashi.”

Batula ta juya ta fuskanci allo kamar mai neman alli, har sai da idonta ya bushe.

Daga nan yaran suka ce sai an bi littafin duka an ware tambayoyin garinsu da tambayoyin ko'ina. Ta san lokaci ba zai isa ba, ta kuma kasa hana su. Litinin ta tafi a haka, Talata ma. Kowace tambaya sai an yi gardama a kanta kafin a yanke mata gefe, ko rubu'in littafin ba su ci ba. Ranar Talata Ɗanmaliki ya tsaya a taga ya daɗe yana saurare, hannuwansa a baya. Bai shigo ba. Da zai wuce ya ce, “Saura kwana ɗaya, Malama.” Ranar Laraba ta dawo da waya da sauri, amma kwana ɗaya bai gyara abin da aka bari ba.

Aka yi gwajin ranar Alhamis. Tambayar binne ma ba ta fito ba. A tambayoyin noma da na ƙasa ba makarantar da ta kamo su, sai dai har yanzu fiye da rabinsu lokaci ya cika musu ba su kai ƙarshen takarda ba. Suka zo na biyar.

Wannan karon bai ce ta zauna ba, shi ma a tsaye ta same shi.

“Daga na bakwai zuwa na biyar, an motsa,” in ji shi. “Da kin riƙe kwana biyun can, Allah ɗai Ya san inda za mu tsaya. Na ji abin da kunka yi, Malama, ban ce banza na ba. Amma na riga na faɗi magana, kuma saura sati biyu babbar jarrabawa.”

“Na ji, Malam.”

Ta ɗauko rajista ta kai wa Malam Shafi'u. Ya miƙo hannu zai karɓa ta riƙe gefe ɗaya, ta ce ya ɗan tsaya. Ta bi sunayen tun daga sama: wannan ba ya ganin allo sai an sa shi gaba, wannan sai ta ɗebo ruwa take zuwa, kada a doke ta a kan latti, wannan ya san amsa amma in aka daka masa tsawa sai ta gudu. Shafi'u na ta duban ƙofa da farko. Da aka kai suna na goma ya jawo takarda ya fara rubutawa.

Aji biyu yara tamanin da uku ne, rabi a ƙasa suke zama. Ta shiga ta fara da koyon sunayensu.

Da sakamakon babbar jarrabawa ya fito, ashirin da tara suka ci a cikin arba'in da shida, har da Hamdiyya da Mu'minatu. Ya fi na bara da mutum huɗu. Shafi'u ya ce sati biyunsa ne suka yi aiki. Wasu iyaye suka ce aikin Malama ne na shekara guda. Goggo ta ce duk surutu ne, mai rabo ne ya samu. Batula ba ta shiga gardamar ba, don ita hankalinta na kan goma sha bakwai ɗin da suka rage. Ta san su da suna, ta san gidajensu. Takan gamu da su a hanyar rijiya ko wurin injin niƙa, su durƙusa su gaishe ta, ta amsa da fara'a, ta wuce tana lissafi a ranta: wannan da maki uku ta faɗi, da an ba ta Litinin da Talatar nan fa? Wani lokaci lissafin ya ce mata ta cuce su. Wani lokaci ya ce da ta sake samun ranar, abin da ta yi za ta sake yi. Ba ta taɓa samun amsa ɗaya sau biyu a jere ba.

Da aka dawo hutu ta je ofis ta ce wa Ɗanmaliki tana son a mayar mata da aji shida. Ya tambaye ta ko za ta bi littafi daga farko har ƙarshe. Ta ce za ta bi shi, za ta kuma koya musu sauri tun daga watan farko, amma ba za ta yi alkawarin zaunar da mai tambaya ba. Ya daɗe yana shafa gemu, ya ce a bari a ga yadda shekarar Shafi'u za ta kasance. Ta yi godiya ta fito. Tana nan a aji biyu, kuma ta riga ta gaya masa farkon kowane zango zai gan ta a bakin ofishinsa da maganar.